Ajiyar Ta-Dannet

Sun rushe rumfarmu. Ba wanda ya zo ya gaya mini, da idona na gani wata safiya da na lallaɓa zuwa pampo da ɗan bidon ɗina na ɗiban ruwa. Ginshiƙan ƙarfen nan da mazanmu suka kafa da hannunsu an tumɓuke su, an share wurin tas, 'yan kabu-kabu sun jera motocinsu masu ƙafa biyu suna jiran fasinja. Na tsaya ina kallo har wani a cikinsu ya ce, "Tsohuwa, ina zuwa?" Na ce masa nan na zo. Ya yi dariya, ya ɗauka ruɗewar tsufa ce, ni ma ban ɓata bakina ba. Ko na yi bayani me zai gane, shi da aka haifa bayan komai ya wuce?

Babban ɗana, wanda ba na kama sunansa, ya daɗe yana kirana a salula daga Madawa wai in tattara in koma gida. Kuma gaskiyarsa. Mahaifinsa yana kwance a maƙabartar bayan gari, ramin haƙar ma'adinin da ya ciyar da mu an rufe shi, rabin ƙofofin unguwarmu kwaɗo ne a jikinsu. Na yi ta ja masa rai shekara da shekaru, yau in ce ƙafa ce ta matsa, gobe in ce a bari zafi ya sauka. Abin da ya riƙe ni guda ɗaya ne. Ina da ajiyar wata mata a bakina, tatsuniya ce da waƙarta, ta bar wa ɗanta tun yana cikin zanen goyo, kuma Arlit kaɗai aka gaya wa yaron nan ya neme ni. In na tashi daga garin, ko na mutu kafin ya zo, maganar uwarsa ta bi ni ke nan.

Na san wanda bai zauna garin nan a farkonsa ba zai ce tsohuwa ta rasa abin yi, wa ke tsaron gari a kan tatsuniya. To, a saurara. Lokacin da aka kawo ni amarya a bayan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin buhunan gero da akwatin ƙarfe, na yi kwanaki ina jin akwai abin da babu a garin, na rasa ko mene ne. Wuta akwai, ruwa na zuba a pampo ba guga ba igiya, butikin kamfani, wato kantinsa, cike da abubuwan da ban taɓa sanin sunansu ba. Sai wata rana a layin ruwa na dubi kawunan mata na gane: babu tsofaffi. Furfura ko ɗaya babu. Kamfani ƙarfi ya zo saye, don haka samari ya kwaso daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, su kuma suka kwaso mu. Gari guda ba kaka a cikinsa. Da asuba jiniya ke riga zakara, sai ƙahon kar, motar kamfani mai kwasar ma'aikata, sai ƙarar takalman maza a kan tsakuwa suna sauri da kwanon abincinsu a hannu. Da rana tsaka a fasa dutse can nesa, ka ji ƙasa ta amsa a tafin ƙafarka, kwanonin jere su yi ta kaɗawa a bango. Mu kuwa wanki, wanki, wanki. Kayan aikin nan masu shuɗi, ka cuɗa su ruwan ya koma kamar toka, ka zubar ka sake. Da yamma masu aikin dare su fita, yara su ɓarke da kuka, uwaye kuma duk yara ne, ba wadda ta san abin da ake ce wa ɗa ya yi shiru.

Mai furfurar farko da na gani ita ce Iya. Daga Damagaram ta zo yi wa 'yarta wankan jego, ta ga halin da muke ciki, ta ƙi komawa. Gajeriya ce mai faɗa, goro ya rine mata haƙora. Abin da ya tsayar da ita, wai wata rana ta tsorata wani yaro da kura, sai yaron ya tambaye ta ko kura irin babbar motar nan ce mai kwasar ƙasa. Ranar ta bi mu gida gida tana masifa. "Ku 'ya'ya kuka haifa ko ma'aikata? Yaro ya san lambar kar bai san kura ba? Ku fito mini bayan magariba, kowace da tabarmarta." Haka rumfa ta fara. Da fari ita kaɗai ke yi, daga baya ta ce kowace mace ta kawo ta garinsu, wadda ta ce ba ta da ko ɗaya Iya ta ce to daga sama ta faɗo. Kafin a jima mun zama ƙungiya mai dokoki, ana ce mana 'yan rumfa. Ba ma kiran juna da suna, da gari muke kira. Ni ce Ta-Madawa, akwai Ta-Tasawa mai muryar maza, akwai Ta-Mirya wadda ba ta iya kai tatsuniya ƙarshe sai dariya ta kayar da ita. Ko buɗe tatsuniya sai an yi gardama, don in an ce ga ta nan ga ta nanku, kowane gari da irin amsarsa, yara kuwa suka haɗa duka suna amsawa a tare, ƙarshen unguwa ana jin su.

Yanzu in ka ce ƙungiya, mutane takarda da hatimi suke nema. Tamu aiki take yi. In mata biyu suka yi faɗa a bakin pampo, Iya ba ta kiran kowa sulhu, sai da yamma ta sa a yi tatsuniyar kaji biyu da suka yi ta tsattsagar juna a kan tsaba har shaho ya sauko, kowa ya san da wa ake, masu faɗan su yi ta gyaran kallabi. In aka kawo sabuwar amarya tana kukan gida, a nemo 'yar garinsu ta yi mata da harshen da ta saba ji. Sai kuma marasa lafiya, wanda shi ne aikin da ya fi nauyi. Maza da yawa ƙirji ya kama su, kowa da abin da yake faɗi a kan dalili, ni dai na san tarin, don na kwana da shi a ɗakina daga baya. Mai irin wannan ciwo da rana ya fi shan wuya, gida ya yi tsit, shi kaɗai da numfashinsa. A garuruwanmu kuwa ba a tatsuniya da rana, tun muna yara ake tsorata mu da hakan. Iya ta yi tunani ta ce, tunda kamfani ya mai da dare rana, mu ma za mu mai da rana dare. Sai a rataya barguna a ƙofa da taga, ɗaki ya yi duhu, mai tatsuniya ta tambaya, "Dare ya yi?" Na ciki su ce, "Ya yi." Shi ke nan ta halatta. Na ga ƙato mai tuƙa injin da ya fi ɗakinmu girma, kwance ido rufe, yana cewa a sake masa wurin da 'yar auta ta yi waƙa, hawaye na gangara cikin kunnensa.

Ajiya daga baya ta zo, da muka fara binne junanmu. Mutuwa a gida daban take, akwai gwaggo akwai inna, yaro zai tashi ya ji wace ce uwarsa ko bai tambaya ba. A Arlit in mace ta mutu, miji ya sake aure ko ya bar aiki, yaro ya tashi a hannun da bai taɓa jin muryarta ba. Don haka mace in ta ji jikinta ba daidai ba, sai ta zaɓi tatsuniya ɗaya, wadda uwarta ta yi mata, ta ba mutum biyu, mai riƙo da mai shaida. Mai riƙo za ta ɗauke ta yadda aka ba ta, da harshen mai ita, da inda take tsayawa ta ja numfashi, ba gyara ba ƙari. Ba ta tambayar abin da ba a gaya mata ba. Ba a buɗe ajiya gaban kunne na uku. Duk ranar Alhamis mai riƙo ta je wurin mai shaida ta faɗe ta daga farko har ƙarshe, mai shaida ta gyara inda ya goce. Wannan muke kira shanya, yadda ake fito da kayan akwati a sha iska don kada su lalace. In yaro ya girma ya zo da ƙafarsa, a rataya bargo a mayar masa da kayansa.

Ta-Dannet katanga ɗaya ce tsakanina da ita. Ba'abziniya ce doguwa siririya, mijinta direban kamyo. Ta tsani bango. Kamfani ya ba su ɗaki biyu da wuta, ita kuwa ta kafa 'yar bukkar tabarmi a tsakar gida, a nan take kwana, ɗakunan ta zuba wa akuyarta da ta ɓoye don an hana kiwo a unguwar. Ita ta koya mini dafa shayi har na iya ɗaga buta sama ban zubar ba. Ni na yi na yi in koya mata tuwo, ta ce abincin da sai an yi kokawa da shi kafin a ci ba da ita ba. Hausarta abin dariya ce, mace namiji duk ɗaya ne a bakinta, shi ya sa ba ta taɓa yin tatsuniya a rumfa ba, ta san yara ba za su bar ta ta kai ko'ina ba. Amma kullum tana nan, ta rufe rabin fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa in an zo wurin ban dariya. Ban taɓa yin ƙawa irinta ba, kafin ta da bayanta.

Da ta haifi ɗanta na fari ba ta ƙara miƙewa sosai ba. Likita an je, rubutu an sha, tana ta ƙarewa muna kallo. Wata rana da hantsi ta aiko a kira ni. Na tarar ta yarda an shigar da ita ɗaki, an rataya barguna, ga Ta-Timiya zaune a gefe, wata dattijiyar Ba'abziniya da mijinta ke noman garka a bakin gari. Na san abin da hakan ke nufi.

"Ƙawa, zauna," in ji ta. "Ke ne zai riƙe."

Tatsuniyar da Hausa ta yi ta, irin tata. Wata mata ce ta zagi rijiya don ruwanta ya yi ƙasa, rijiya ta yi fushi ta tashi ta bar wurin. Matar ta goya ɗanta, ta ɗauki guga da igiya ta bi sawunta, duk inda ta isa sai ta tarar da damshi kawai, rijiya ta ƙara gaba. A kowane zango sai ta zauna ta sauke yaron ta yi masa waƙa. Da aka zo waƙar sai Ta-Dannet ta juya harshensu, Tamajak, ta rera da 'yar muryar da ta rage mata. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga Ta-Timiya ta ja mayafi ta rufe ido.

Na ce, "Ƙawa, ni ban jin Buzanci. Ki ba Ta-Timiya ta riƙe, ni in yi shaida."

"Ta-Timiya ya tsufa, zai riga ki tafi. Ke yarinya ne, ke zai daɗe." Ta huta, ta dubi jaririn da ke barci a gefenta. "Waƙa nan na canza shi. Na uwa nawa na cire, na sa nawa. Abin da yake ciki na yaro ne. Ke ki kai kawai."

Kwanaki muka yi ana rataya bargo. Ta faɗi gaɓa in maimaita, ta girgiza kai, ta kamo yatsuna ta ɗora a maƙogwaronta in ji daga inda sautin ke fitowa. Wani harafin kamar mutum zai yi kaki, wani kamar an danne harshe da cokali. In na kuskure ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Bahaushe, baki naki tuwo ya cika shi." Ranar da na kai ƙarshe ba tuntuɓe ta dubi Ta-Timiya, Ta-Timiya ta gyaɗa kai. Yaron bai fara zama ba ta cika, Allah ya ji ƙanta. Danginta suka zo daga daji a kan raƙuma, suka tafi da jaririn da akuyar. Na bi kawunsa har bakin gari na ce masa, ranar da yaron nan ya naɗa rawani a turo shi Arlit, ya tambayi rumfa, ya tambayi Ta-Madawa, uwarsa ta bar masa magana. Ya ce in Allah ya yarda.

Daga nan duk Alhamis ina garkar su Ta-Timiya, a 'yar bukkarta mai warin albasa da taki. Matar nan ba ta da sauƙi ko kaɗan. Tana riƙe da mafici, ina cikin waƙa sai in ji shi a gwiwata. "Ba haka ba! Ka haɗiye rabin kalma. Sake." Abin mamaki, ba Alhamis ɗin da ba ta sami abin gyara ba. Ni a kunnena daidai nake yi, ita kuwa ta ce nan ya karkace, can ya narke, ta miƙe shi, mako mai zuwa wani wurin ya goce. Har fushi nake yi, in ce tsohuwar nan neman magana take. Haka muka yi shekaru, na yi goyo na yaye, na sake yi, gwiwata ta saba da mafici.

Ban iya cewa ga ranar da rumfa ta mutu ba, a hankali ta tsiyaye. Tele, akwatin kallo, ta shigo, yara suka koma gidan da ke da ita, suna leƙe ta taga. Ban ga laifinsu ba, mu ma mun leƙa. Iya ta rasu, aka rasa mai bin mutane gida gida da masifa. Sai aka fara rage ma'aikata, yau ka ga kamyo a ƙofar Ta-Mirya ana ɗora gado, gobe a ƙofar wata. Kowace ta tafi da ajiyar da ke bakinta, mai riƙo gabas mai shaida yamma. Akwai yaran da na sani yanzu da gemunsu, uwayensu sun bar musu magana, ba su ma san an bari ba. Shekarun tashin hankali suka zo, hanya ta rufe, mutanen daji suka watse, na daina jin ko labarin inda dangin yaron suke. Lokacin da maigidana ya kwanta da nasa ƙirjin, ba a sami wadda za ta zo ta yi masa tatsuniya ba, ni na rataya bargon ni na tambaya, shi ya amsa da kai. Ana nan 'ya'yan Ta-Timiya suka zo suka mai da ita cikin duwatsunsu, ba ta daɗe ba aka aiko ta rasu. Na tara 'yan rumfar da suka rage, ba mu cika tabarma ɗaya ba, na ce ko in nemi wata mai jin Tamajak ta zama mini shaida. Ta-Tasawa ta ce, "Wa za shi ba ki izini? Iya ta ce kunne biyu. Ke kika fi ta sani?" Ni ma a raina ban so wata baƙuwa ta ji abin da ƙawata ta ɓoye wa ɗanta ba.

Sai na ci gaba da shanya ni kaɗai. Duk Alhamis in rufe ƙofa in rataya bargo in yi wa bango, ban taɓa fashi ba, ko ranar da zazzaɓi ya kayar da ni a kwance na yi. Har daɗi nake ji, don waƙar ta daina yi mini gardama, ta yi laushi a bakina, tana fita ba tuntuɓe, ba mai buga mini mafici. Duk direban da na gani mai rawani sai na ba shi saƙo. Wani ya ce ya ji yaron yana Aljeriya, wani ya ce an gan shi a Jado, daga baya aka ce yana Cibarakaten wurin haƙar zinariya. Duk motar da ta wuce arewa cike da samari da jarkoki sai na bi ta da kallo. Rami ɗaya ya rufe, wani ya buɗe can gaba, mu dai haka Allah ya yi mu.

Shi ya sa rushe rumfar ya tayar mini da hankali. Rumfa aka ce ya tambaya, in ya zo bai gan ta ba fa? Washegari na ɗauki kujerata 'yar tsugune na je na zauna a gefen 'yan kabu-kabu. Suka yi ta tsokanata, wai tsohuwa ta zo koyon tuƙi, wai a saya mini hular kwano. Na ce su yi ta yi. Tun safe nake zuwa, in rana ta take in koma, la'asar in dawo. Zafi ya wuce, aka shiga wani watan, aka fita.

Ranar da ya zo ban gane shi ba, don jariri nake jira ko saurayi. Wani dogon mutum ne ya sauko daga bayan moton ɗan kabu-kabu, rawaninsa ya koɗe, hannuwansa duk sun farfashe. Na ji yana tambayar yaran inda rumfar masu tatsuniya take, suna ce masa ba su taɓa ji ba. Da ya juyo na ga goshin da idanun ƙawata. Akwai furfura a gefen gemunsa. Ya wuce shekarun da uwarsa ta yi a duniya nesa ba kusa ba.

"Ni ce Ta-Madawa," na ce. "Ka daɗe, ɗana."

Ya durƙusa ya gaishe ni. Hausarsa ta fi ta uwarsa, ta wurin zinariya ce. Ya ce daga Cibarakaten suke za su Agadas, motarsu na gareji ana gyara, zuwa la'asar za su tashi. Kawunsa ya gaya masa tun yana saurayi, ya yi ta cewa sai wani zuwan. Bana matarsa ta haifi mace, aka sa mata sunan uwarsa, sai ya ga ranar da yarinyar za ta tambaye shi wace ce mai sunan, ba shi da abin faɗi. Ko hotonta babu. Waɗanda suka san ta a danginsu duk sun mutu.

"Inna, an ce ta bar mini magana."

"Ta bari. Tana nan yadda ta ba ni, ko ƙwara ba ta zube ba. Taho mu tahi gida."

Na rataya bargo. Na ce masa in na tambaya ko dare ya yi, ya ce ya yi, ya amsa yana ɗan murmushi. Na fara da Hausarta, mata ya zagi rijiya, rijiya ya yi fushi. Sai na ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Na kusa kasa ci gaba. Matar ta goya ɗanta, ta bi damshi, ta isa zangon farko ta sauke shi. Na gyara zama na rufe ido na rera waƙar. Tunda nake ban taɓa yin ta da kyau kamar ranar ba. Na kai ƙarshe na buɗe ido, ina jira in ga abin da na gani a fuskar Ta-Timiya.

Yana zaune ya karkata kai. Ya ce, "Inna, ki sake."

Na sake. Ya matso kusa, ya janye rawani daga kunnensa. "A hankali, Inna." Na yi a hankali, gaɓa gaɓa, yadda aka koya mini. Leɓɓansa na motsi yana bina, ya kama wani wuri ya juya shi a bakinsa, ya sake juyawa, ya saki.

"Sautin namu ne," in ji shi. "Haka mata suke yi wa yara a wajenmu. Amma babu magana a ciki."

"Kamar ƙaƙa babu?"

"Ko kalma ɗaya ban samu ba, Inna. Kamar an yi magana a nan da, amma ta goge."

Na ce bai saurara da kyau ba ne. Na ce ko Tamajak ɗin mutanen da ne, na tsofaffi. Ya ce a hannun tsofaffi ya tashi. Na ɗora yatsuna a maƙogwarona ina neman wurin da ta nuna mini, na yi ta fito da sautin, shi yana girgiza kai a hankali don kada in ji ciwo. A nan na gane abin da maficin nan yake tarewa duk mako, da abin da ya yi ta zubewa tun ranar da aka daina. Ban yi fashi ba, ban buɗe wa kowa ba, duk dokar da aka kafa na bi ta, kuma abin da na tsare gari a kansa na miƙa wa mai shi fanko. Baƙin cikin ranar ya fi na ranar da muka binne ta.

"Ba ta gaya miki abin da ta ce ba?"

"Ba a tambaya, ɗana. Haka dokar take."

"Wadda ta ji fa? An ce ku biyu ne."

"Ta rasu."

Salularsa ta yi ƙara, direba ne, an gama gyara. Bai tashi nan da nan ba. Ya ciro ƙullin shayi da sukari daga jakarsa ya ajiye a gabana, ya yi mini godiya mai tsawo irin tasu, ya ce na yi abin da ko 'yar'uwa ba za ta yi ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya miƙe ya ɗaga bargon, haske ya shigo, sai ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba.

"Tun da can haka tsawonta yake, Inna? Ba ki ƙara ba?"

Na ce ban ƙara ba, wannan kam na tabbata.

Ya gyaɗa kai. "Doguwa ce," in ji shi. "Ashe magana da yawa gare ta."